Ranar da Na Hana Atiku Injin Wasan

Wadda ta rubuto min a ƙarƙashin rubutuna na baya cewa, "Zahara'u, ke dai yi aurenki ki bar wa maza wannan gem ɗin na waya," na gani, na gode. Inna ma haka ta ce, sai dai ita da muciya a hannu ta faɗa.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Zahara'u, a Tambuwal nake, gidanmu na jikin makarantar Malam, wato mahaifina. Ilimin kwamfuta na karanta a Sakkwato, na gama bautar ƙasa na dawo gida, aiki bai samu ba tukuna. Mu huɗu ne muke gina wasan waya: ni, da aminiyata Madina, da yayanta Gidaɗo, su biyun 'yan Kebbe ne, sai Atiku. Atikun nan shi ne yake neman aurena. Manya sun riga sun san da maganar, har an kawo gaisuwar iyaye, rana ce kawai ba a sa ba.

Sunan wasan Hanyar Kebbe. Kai ne ɗan kabu-kabu, an ɗaura maka buhunan gero a bayan babur, ka kai su kasuwar Tambuwal ba tare da sun zube ba. Ga ramuka, ga yashi, ga garken shanu da ke tsallaka hanya ba ruwansu da saurinka, in damina ce kuma ga laka. A bayan babur tunanin ya zo min, wata rana da na je wurin Madina, ina riƙe da ƙarfen kariyar babur kamar raina zai fita, shi kuwa mai babur ɗin yana ta amsa waya. Da na dawo na rubuta ɗan gwaji ni kaɗai, wani akwati ne kawai yana tsallake ramuka. Madina ta gani ta yi ta dariya, ta ce a bar mata ta zana babur na gaske. Ta nuna wa yayanta. Ni kuma na nuna wa Atiku, don a lokacin babu abin da nake yi ban nuna masa ba.

Sai aka sanar da wani baje kolin manhajojin matasa da za a yi a Sakkwato bayan kaka. Muka ce za mu kai namu. Daga nan wasa ya zama aiki, aiki kuwa dole a raba shi, don in mutum huɗu suna sa hannu a fayil ɗaya, kowa goge na ɗan'uwansa zai yi ta yi. Tunda ni na fara, suka ce ni zan raba. Har Atiku ya ce haka, da bakinsa.

Malam ya yarda mu zauna a ƙaramin zauren da ɗalibansa ke karatu da safe, ƙofa a buɗe. Na sa atamfata mai ruwan ganye da hijabi ruwan toka, na shimfiɗa tabarmi biyu, na jawo wayar caji daga batirin sola. Madina da Gidaɗo suka iso da hantsi, ƙafar wandon Gidaɗo duk jar laka. Atiku ya zo daga baya cikin farar shadda mai aikin hannu, hula ta zauna daram, turarensa ya riga shi sallama. Inna ta aiko da fura a ƙwarya, ta Atiku daban a kofin tangaran. Na lura, Madina ma ta lura, ta taka min ƙafa.

Na yi Bismillah na fara. Na ce zane da sauti na Madina ne, wannan ba gardama. Tsara hanyoyi da matakan wasa nawa ne, kuma ni zan riƙa haɗe aikin kowa wuri ɗaya. Injin wasan, wato lissafin da ke sa babur ya yi gudu, ya ji nauyin buhu, ya karkata in taya ta faɗa rami, na ba Gidaɗo. Atiku kuma na ba shi duk abin da mai wasa zai fara gani in ya buɗe: shafin shiga, madannai, ajiye maki, rubutun Hausa, da tabbatar da wasan ya tashi a ƙananan wayoyi irin na mutanenmu.

Na ƙara da ƙa'ida guda. Muna da wuri a intanet inda muke tara aikin, mu muna ce masa rumbu. Kowa yana da reshensa a ciki. Na ce kada wanda ya taɓa fayil ɗin wani. In kana bukatar a canza wani abu a ɓangaren da ba naka ba, ka tambayi mai shi. In ka gama naka ka gaya min, in gwada, in haɗe shi da babban reshe.

Gidaɗo ya ce, "Ya yi." Madina ta ce, "Ni dai a bar ni da shanuna." Atiku ya ajiye kofinsa a hankali.

"Wato ni aka ba ƙofa," in ji shi.

"Ba ƙofa ba ta," na ce. "Ita ce fuskar wasan. In ba ta yi kyau ba, ba mai ganin injin."

Ya yi murmushi. "To, shugaba. Yadda kinka ce."

Ku da kuke karantawa, bari in gaya muku dalilina, don kada ku ce son kai na yi ko ƙiyayya. Atiku ya iya aikinsa. Yana da wani shago kusa da tasha inda yake yi wa makarantu manhajar rajistar ɗalibai, kuma duk abin da ya yi, ko tsohon da bai saba da waya ba yana gane inda zai danna. Yana da haƙurin wannan. Amma lissafin motsi bai taɓa yi ba. Gidaɗo kuwa a kansa ya yi aikin kammala digirinsa, kuma shi ne mutumin da in ka tambaye shi lafiyar gida zai ce lafiya ya yi shiru, in ka tambaye shi dalilin da ke sa taya ta zame a yashi sai an kira salla bai gama ba. Da Atiku ba kowa ba ne a wurina, haka zan raba. To don me zan raba daban saboda shi wani ne a wurina? Haka na tambayi kaina, kuma amsar ta yi min sauƙi. A ranar dai.

Ko awa ba a yi da watsewa ba saƙon Atiku ya shigo.

"Na zaci aƙalla za ki shawarce ni kafin taro."

"Da na shawarce ka kai kaɗai, su fa?"

"Su ba su ne za su aure ki ba."

Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge. Ƙarshe na tura masa: "Aiki daban, wannan daban." Ya turo min hoton babban yatsa. Wanda ya san Atiku ya san ba yarda ke nan ba.

Ban san ta inda maganar ta bi ba, amma ta isa kunnen mahaifiyarsa, Hajiya Tambaya, daga can ta iso wa Inna a gidan wani suna. Inna ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta same ni a tsakar gida ina tankaɗe.

"Ke Zahara'u, mi nika ji? An ce kin sa Atiku gadin ƙofa, kin ɗauki babban aiki kin ba wani ɗan Kebbe?"

"Inna, yayan Madina na. Kin san shi, a nan yas sha fura."

"Na san shi. Shi za ki aure?"

"A'a."

"To wanda za ki aure shi aka bari a baya? Uwatai ta ce ko abinci ba shi ci sosai. Ni ban san wasan ga naku ba, amma na san namiji. Abin ga na waya in an gama shi an gama. Aure ko zama na. Ki ba shi abin da shika so ki huta."

"In na ba shi kuma ya kasa fa?"

"Sai ya kasa. Gero na gaske za shi zube?"

Na ci gaba da tankaɗena, don in ka biye wa Inna a wannan gaɓar kai za ka sha kaye. Ta shige ɗaki tana cewa ita dai ta haifi 'ya mai kai kamar na mahaifinta.

Aiki ya ci gaba. Madina ta zana babur ja mai tsohon kariya, da ɗan kabu-kabu mai rawani, da shanu farare masu manyan ƙahoni. Ta je bakin tasha ta ɗauko ƙarar babura da wayarta, har da muryar wani mai kiran fasinja. Ni na tsara hanyar farko, daga fitowa gari zuwa wani kwazazzabo. Matsalar ita ce sabis. A unguwar su Gidaɗo sai ya hau wani tudu bayan makarantar firamare kafin ya iya tura aiki rumbu, in an yi ruwa kuma ko tudun ba ya amfani. Saboda haka injin yana zuwa mana a hankali. Wanda ya turo na farko yana aiki, amma babur ɗin yana ɗan karkarwa a ƙananan wayoyi. Ya ce ya san dalili, yana kan gyara, mu ba shi lokaci.

Atiku ya rubuta a guruf ɗinmu na waya, inda mu huɗun muke tattaunawa: "Lokaci fa ba jiranmu yake ba."

Gidaɗo bai gani ba, don babu sabis.

Wata safiya na gama shara, na zauna a kan kujerar tsakar gida da kokona a gefe, na buɗe kwamfuta na sauke abin da ke babban reshe don in gwada sabuwar hanyar da na tsara. Na danna fara. Babur ya taka ramin farko, ya tashi sama, bai dawo ba. Buhunan gero suka ratsa ƙasa suka ɓace. Shanun Madina suna tsaye a sararin sama suna kiwo. Ƙarar inji kuwa tana fita ko da babur yana tsaye.

Na duba tarihin rumbu. Atiku ne. Ya buɗe fayilolin injin, ya sake rubuta fiye da rabinsu, ya canza sunayen abubuwan da aikina da na Madina suke kira, ya tura kai tsaye babban reshe. Ya rubuta a gefe: "Na gyara karkarwa." A wayarsa da hanyar gwaji mai santsi, na tabbata ya yi masa aiki. Bai gwada da ramukana ba, bai gwada da shanun Madina ba, don ba su ne a gabansa ba.

Ina cikin kallo Gidaɗo ya kira. Ina jin iska a wayar, na san yana kan tudu.

"Zahara'u, na gama gyaran, na zo in tura, rumbu ya ƙi karɓa. Shina cewa an canza fayilolin. Ke kinka taɓa?"

"Ba ni ba ce."

Ya gane.

"To," ya ce. "In don ni na, a bar mishi injin. Ni in koma wani abu. Ba ni son in shiga tsakaninku."

"Ba ka shiga ba. Tsaya nan inda kake, kada ka sauka."

Abin da zan yi ba mai wuya ba ne. Na mayar da babban reshe yadda yake kafin Atiku ya taɓa. Aikinsa ban goge ba, na kwashe shi na ajiye a wani reshe daban mai sunansa. Na rufe babban reshe yadda ba mai iya tura komai sai ta hannuna. Na ce wa Gidaɗo ya tura. Ya tura, na haɗe, na gwada. Babur ya faɗa rami, ya karkata, buhu ɗaya ya zame ya tsaya a gefen kariya kamar zai faɗi bai faɗi ba. Daidai yadda ake ji a bayan babur na gaske.

Sai na rubuta a guruf: "An taɓa injin ba da sanin mai shi ba, wasan ya lalace. Na mayar. Daga yau ni kaɗai ke tura wa babban reshe. Atiku, aikinka yana reshenka, ba a goge ba."

Madina, da ke tasha inda akwai sabis, ta kira ni nan take. "Kin ambaci sunanai a guruf?"

"To mu nawa ne? Ko ban ambata ba an sani."

"An sani daban, an faɗa daban," in ji ta.

Bayan la'asar aka ce Atiku yana sallama. Na canza zuwa doguwar riga baƙa, na ɗan shafa hoda, don ko faɗa za a yi ba a fita wa mutum kamar an tashi daga wanke-wanke. Na same shi a tsaye jikin darbejiyar ƙofar gida, bai zauna a bencin da ya saba ba. Yau ba shadda, riga ce ta shago, da tabon tawada a aljihu.

Muka gaisa kamar baƙi.

"Kwana nawa nit yi a kan aikin ga," ya ce, "kin share shi kafin kokonki ya huce."

"Ban share ba. Shina nan."

"Kin kulle ni waje gaban yayan ƙawarki."

"Na kulle kowa. Atiku, shanu a sama suke. Ka gani?"

"Da kin kira ni da na gyara."

"Kai ka kira Gidaɗo kafin ka shiga aikinai?"

"Ina sabis ɗin da zan kira shi?"

"Ni ina da sabis. Ni ka kira?"

Ya juya ya kalli hanya. Wani mai kura ya wuce da jarkokin ruwa, muka jira ya yi nisa.

"Bari in gaya miki gaskiya," ya ce, muryarsa ta sauka. "Ranar baje kolin ga, za a tsaya a ce wa yar rubuta injin. Za a nuna Gidaɗo. A ce wa yat tsara, a nuna ki. Ni kuma a ce wanga fa? A ce shi na mai madannai. Kuma kowa ya san ni nika neman ki. Kin san abin da abokaina za su ce?"

"Mi za su ce?"

"Za su ce tun ba a ɗaura ba ta san inda ta ajiye shi."

Wannan ta taɓa ni, ba zan ɓoye muku ba. Don na san abokan nasa, na san za su faɗa, kuma na san ba a bakin ƙofarmu kaɗai za a faɗa ba. Amma na ce masa abin da ke raina.

"Ni ban ajiye ka baya ba. Na ba ka abin da ka fi mu iyawa duka. In wasan bai tashi a wayar mai kabu-kabu ba, wa munka yi wa? Amma injin ba zan karɓe wa Gidaɗo ba don a daina yi maka dariya. In na yi haka yau, gobe ban san abin da za ka ce in karɓe wa wani ba."

"Ke nan ba za ki buɗe ba."

"Ba zan buɗe ba."

Ya gyaɗa kai, ya ce a gaida su Inna, ya hau babur ɗinsa. Bai tayar da shi da ƙarfi ba, bai yi wani abin nuna fushi ba. Da ya yi ma da ya fi min sauƙi.

Washegari da safe, bayan ɗalibai sun tashi, Malam ya aiko a kira ni. Yana zaune a kan buzunsa, littattafai a gefe, gilashi a goshi. Inna ta riga ta kai ƙara, na gani a yadda take kai da kawowa kusa da ƙofar. Mutane daga Sanyinna da ƙauyukan kewaye sukan zo wurin Malam rabon gado da sasanta rikicin gona, saboda haka ba ya yanke magana sai ya ji ta daga tushe. Ya sa na yi masa bayanin komai, har sai da na kwatanta masa mene ne reshe, mene ne haɗewa. Ya saurara bai katse ni ba.

"Lokacin da kinka raba, ya yarda?"

"Ya ce yadda na ce."

"Wanda kinka ba injin, don ya fi iyawa na, ko don wani abu?"

"Don ya fi iyawa ne, Malam."

Ya dube ni sosai kafin ya ɗauke ido. "To ba ki yi zalunci ba. Amanar mutum uku ce a hannunki, ba ta mutum ɗaya ba. Uwarki ta ce in sa ki canza, ba zan sa ki ba."

Na ji Inna ta ja tsaki daga waje.

"Amma," Malam ya ci gaba, "kina da lambatai. Kin iya kiran shi ki ce ga abin da ka yi, ga abin da zan yi, kafin sauran su ji. Hukuncin bai canzawa, shi kuma ya samu inda za shi sa fuskatai. Wannan kin hana shi."

"Gidaɗo na tsaye bisa tudu yana jira, Malam."

"Tudun gudu za shi yi?"

Ya jawo littafi daga gefensa, ya ci gaba:

"Je ki. Maganar aure kuma ba ni tilasta ki, ba ni tilasta shi. Amma ku duka biyu kun ga wani abu a junanku da ba ku gani ba da. Ku dube shi da kyau tun yanzu."

Na fita na kira Atiku, bai ɗauka ba. Na rubuta masa: "Ya kamata in kira ka kafin in rubuta a guruf. A kan wannan ka yi haƙuri. Sauran yana nan yadda yake." Alama ta nuna ya karanta. Shiru.

Shirun ya daɗe. Ba ya zuwa zance, ba ya magana a guruf. Hajiya Tambaya, da kan aiko wa Inna da daddawa duk ranar kasuwa, ta daina. Inna ba ta ƙara yi min faɗa ba, sai dai in na wuce ta ce, "Allah ya kyauta," ba tare da ta kalle ni ba. Na fara tunanin yadda zan raba ɓangaren Atiku tsakanina da Madina in har ya janye, kuma ko ta ina na duba ba za mu gama kafin baje kolin ba.

A cikin wannan Gidaɗo ya sake kira daga tudunsa. Ya ce ya zauna ya karanta abin da Atiku ya rubuta, duk da ba wanda ya sa shi.

"Yawancin ba shi aiki," ya ce. "Amma akwai wuri guda da yar rage yawan lissafin da waya ka yi in babur na tafiya miƙe. Ni ban yi tunanin haka ba. Ya fi nawa. Ina son in ɗauka in sa cikin injin, da sunanai a kai. Ki tambaye shi in ya yarda."

Na tura wa Atiku saƙon kamar yadda Gidaɗo ya faɗa, ban ƙara ko kalma ba. Bayan wani lokaci ya amsa da kalma ɗaya: "Ɗauka."

Sai jiya da hantsi wayata ta yi ƙara. Sanarwa ce daga rumbu: Atiku ya tura aiki a reshensa, yana neman a haɗe. Babu saƙo, babu gaisuwa. Na sauke na gwada a kwamfuta, sannan na ce bari in gwada a wayar da ta fi kowace rauni a gidan, wato ta Inna, wadda ko hoto ka buɗe sai ta yi tunani.

Inna tana gyaran zogale a kan faifai. Ta miƙo wayar. Na sa wasan. Ya buɗe nan take. Shafin farko launin ƙasar hanya ne, babur ɗin Madina a tsakiya, madannai manya, rubutu a fili: Tashi, Ci gaba, Makinka. Babu wani abin da zai rikita mutum. Inna ta leƙo.

"Wanga na abin da kuka faɗa a kai?"

"Shi ne. Danna nan."

Ta goge hannu a zane ta karɓa. Ban nuna mata komai ba bayan wannan, da kanta ta gane inda ake gudu da inda ake birki. Ta wuce ramin farko, ta wuce na biyu, ta shiga garken shanu da gudu, gero ya watse a hanya.

"Kai! Wannan yaro ba shi da hankali, da kayan mutane!" Ta sake danna Tashi.

Sai da ta zubar da gero sau da yawa kafin ta miƙo min wayar, tana cewa zogalenta zai bushe. Ta tambaya, "Ina na Atikun a ciki?"

"Duk abin da kinka danna nashi na."

Ta ci gaba da tsinke ganye.

Na koma ɗaki ina duba sauran shafukan ɗaya bayan ɗaya, don in tabbatar kafin in haɗe. Ajiye maki yana aiki. Sauti yana kashewa yana kunnawa. Na buɗe shafin ƙarshe, inda ake rubuta waɗanda suka yi wasan. Ya tsara shi da kyau. Tsari da hanyoyi, Zahara'u. Inji, Gidaɗo. Zane da sauti, Madina. Daga nan sai fili.

Na daɗe ina kallon filin. Shafin nasa ne, fayil ɗinsa ne, kuma ni na kafa dokar kada a taɓa na wani. Saboda haka ban rubuta sunan da hannuna ba. Na mayar masa da aikin ta rumbu, na rubuta a gefe: "Komai ya yi, har Inna ta buga. Saura suna ɗaya a shafin ƙarshe. Ba zan haɗe ba sai ka sa shi."

Na ajiye wayar na je na taya Inna ɗora tukunya. Ina yankan albasa na ji ta yi ƙara. Na wanke hannu na duba.

"Ki haɗe haka nan. Kawu Ɗanmaliki zai zo wurin Malam gobe bayan azahar."

Kawu Ɗanmaliki shi ne waliyyinsa, shi ya jagoranci waɗanda suka kawo gaisuwar iyaye. Mutum irinsa ba ya taka ƙofar Malam sai da ɗayan biyu: ko a sa rana, ko a ce a yi haƙuri.

Na rubuta: "Da wace magana?"

Ya karanta. Bai amsa ba.

Goben nan ita ce yau. Inna ta sa an share zaure tun da safe, ta fito da sabuwar darduma, ta dama fura ba ta ce min ga dalili ba. Ni kuma ina zaune a ɗaki da kwamfuta a cinya, aikin Atiku yana jira a reshensa, ban haɗe ba. An kira azahar tun ɗazu. Yanzu na ji tsayuwar mota a ƙofar gida, na ji Malam yana cewa, "Maraba, maraba, bismillah ku shigo."